Igiyar da Ta Cika Hannu

An yi wani saurayi da ya bar garinsu tun gemu bai tsiro masa ba, ya bi manyan motoci yana ɗaurin kaya, yau Kurmi gobe Agadas. Da ya dawo bayan shekaru, gangar jikinsa ce kawai ta dawo. In ya zauna a zaure ƙafarsa na rawa, kunnensa na can bakin titi. Bai taka gidan kowa ba, wanda ma ya zo yi masa barka da zuwa a tsaitsaye yake amsa masa, kamar mai jiran mota. Ya tarar da mahaifiyarsa a kwance, ciwo ya ci ƙarfinta, ko kunu sai an yi da gaske take kurɓa. Abu ɗaya ta ce ranta yana so: zumar nan ta kogon dutsen bayan gari, wadda mahaifinsa yakan ɗebo mata lokacin yana raye. Kogon kuwa a tsakiyar fuskar dutsen yake. Ba ya hawuwa ta ƙasa, sai dai a zagaya ta baya a hau, a zuro mutum daga sama.

To, saurayin yana da igiyarsa ta ɗaurin kaya, ta roba, siririya kamar ɗan yatsa, wadda ta sha riƙe lodin siminti ba ta ko yi ƙara ba. Ya kai wa wani tsoho mai tufka a kasuwa ya duba masa ko za ta yi a zura shi kogon da ita. Tsoho ya murza, ya ja, ya gyaɗa kai.

"Ɗana, wannan ta fi duk abin da na taɓa tufkawa ƙarfi. Amma a jikin me za ka ɗaura ta? Kan dutsen nan ko tsiron ciyawa babu, mutane ne turke. Wannan kuwa in nauyinka ya fizge ta, ko ta sulluɓe ko ta yanki hannu har ƙashi. Igiyar dutse da hannun mai riƙo ake auna ta. Su wa za su riƙe maka?"

Saurayi ya buɗe baki, ya nemi suna ko ɗaya ya rasa. Tsoho ya jawo wata ta rama, kakkaura, mai kaushi, ya ajiye gefe. Ya ce, "Je ka kawo hannayen, sai mu zaɓa."

Haka ya fita yana jan ƙafa. Ya fara da gidan taubashinsa, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara. Taubashi na ganinsa ya tafa hannu. "A'a! Yau baƙon Kurmi ne a gidanmu? Ai mun ɗauka kai sai da hon ake kiranka!" Ya zaunar da shi a tabarma, ya hana shi faɗin abin da ya kawo shi sai da ya sha fura, ya gaisa da matar da bai san an aura ba, ya ɗauki yaran da bai san an haifa ba. Daga nan ya wuce gidan wani abokinsa da ya rasa uba, ya durƙusa ya yi gaisuwar da ta daɗe da shan ruwa. Ya je gidan maƙeri, ya je gidan mai dawaki. Ko'ina sai an yi masa tsiya, amma ba wanda ya ce a'a. Suka taru wurin tsoho, kowa ya damƙi igiyar ramar nan, ta cika masa hannu tam. Ita aka saya.

Da sanyin safiya suka hau. Suka shimfiɗa buzu a bakin dutsen don kada kaifinsa ya ci igiyar, suka zauna a jere, kowa ya tokare diddige, aka zura shi da ƙwarya da damin kara mai hayaƙi. Ya yanki saƙar zuma ke nan sai iska ta juya hayaƙin, ƙudan zuma suka yi masa caa a fuska. Ƙafarsa ta goce. Ya tafi suuu, ya ga ƙasa tana tahowa, ya yi salati. Sai igiya ta yi ƙara, ta tsaya cak, ya yi ta lilo a jikin dutse, ƙwarya na rungume a ƙirjinsa. Daga sama ya ji muryar taubashi, bakin nan bai mutu ba: "Kai, ɗan banza, tuwon wa ka ci ka yi wannan nauyi?"

Da suka jawo shi, abin da ya fara gani jini ne a jikin igiyar. Fatar tafin hannun kowa ta saɓule, ba kuwa wanda ya saki. Ya dubi hannayen nan ɗaya bayan ɗaya, sai hawaye a kumburarriyar fuska. Maƙeri ya ce, "Bar kukan nan, ba mu zuma mu shafa."

Mahaifiyarsa ta lashi zumar, ta lumshe ido, ta nemi a ƙara mata a kunu. Sannan ta tambaye shi su wa suka riƙe masa. Ya lissafa mata. Ta yi murmushi ta ce, "'Ya'yan waɗanda suka riƙe wa babanka ne."

Igiyar tana nan rataye a zaurensu. Ƙafar nan tasa kuwa ba ta daina rawa ba, sai dai yanzu in ta motsa, gidan wani take kai shi ya gaishe shi. Gaskiyar Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take.