Ruwan Buta a Kwalbar Gwaji

Haulatu mai ɗinki ce a cikin garin Daura, kuma tana son Sagir tsakani da Allah. Da maganar aurensu ta kankama, sai raɗe-raɗi ya fara yawo cewa yaron yana haɗiyar ƙwaya. Mahaifinta, Malam Kalilu, bai ta da hayaniya ba. Cewa ya yi a je a gwada fitsarin Sagir, in ya fito ba komai a sa rana.

Hajo, uwar Sagir, ta fi kowa sanin gaskiya. Ita take share ledojin ƙwaya daga ɗakinsa, kuma ita ya taɓa ɗaga wa hannu. Amma ta ƙudurta a ranta cewa aure ne zai shiryar da shi. Wato 'yar mutane ce za ta zama asibitinsa.

Ranar gwajin, tun da safe ta dinga ɗura masa ruwa har ya ce ya gaji. Sannan ta yafa mayafi ta raka shi wani ɗakin gwaji inda Hafizu yake aiki, ɗan maƙwabciyarta da ta sha goyawa yana jariri.

"Hafizu, ga yayanka nan. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka."

"Inna, a ƙa'ida sai an tsaya a kansa, kuma ba a shiga da ruwa."

"Haba ɗan nan! Yanzu kai ne za ka tsaya kallon tsiraicin yayanka? Kuma Musulmi ya shiga bayi ba buta, da me zai yi tsarki?"

Hafizu ya sunkuyar da kai, ya miƙa kwalba. Sagir ya shige da butarsa, ya ɗiga ɗan fitsari, ya cike sauran da ruwa.

Kwalbar ta dawo da ruwa fari tas, sanyi ƙalau kamar ruwan randa. Hafizu ya sani sarai cewa fitsarin da ya fito yanzu da ɗuminsa yake zuwa, kuma wanda aka surka da ruwa haka yakan ɓoye abin da ake nema. Kamata ya yi ya zubar, ya sake karɓar wani a gabansa. Amma sai ya tsoma tsinken gwaji, ya ce ba a ga komai ba. Tir da irin wannan kunya!

Malam Kalilu ya yi hamdala. Bawan Allah har gida ya je ya ba Hajo haƙuri kan zargin da aka yi wa ɗanta, ita kuwa ta karɓa ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Lallen amarya bai gama gogewa ba Sagir ya koma halinsa a fili. Wata rana da azahar ya shigo idanu jajur, ya ce ƙarar keken ɗinki tana tsaga masa kai. Kafin Haulatu ta ɗauke ƙafa daga kan keken, ya rarumi dutsen guga ya jefe ta a fuska.

Likitoci sun yi iya yinsu, amma idon dama ya tafi, na hagu kuma hazo-hazo yake gani.

Hajo ta zo dubiya da kwanon kunu, tana matsar hawaye.

"Ƙaddara ce, Malam. Ai har gwaji an yi, kai ma shaida ne."

Malam Kalilu ya gyaɗa kai, don shi har yau bai san abin da aka zuba a kwalbar nan ba. Haulatu ta dawo gidansu. Da ta ɗan ji sauƙi ta zauna gaban kekenta, ta daɗe tana lalubar kafar allura da zare, sannan ta ce a rufe keken da zane.

Jama'a, gwaji ba ya faɗin gaskiya sai an ba shi gaskiya. Duk wanda ya gurɓata shi, ko ya gani ya yi shiru don kunya, da hannunsa a cikin abin da zai biyo baya. Mai shan ƙwaya magani yake buƙata, ba amarya ba.