Mapul ɗin Odile

Lucien ya sake juye bokitin taki a gindin bishiyar, ya ɗaga kai. Ganyen na nan yadda yake jiya, ruwan ƙasa-ƙasa kamar tsohon buhu.

Matarsa Odile ce ta roƙi ya dasa mata jan mapul, itacen da ganyensa ke yin ja da kaka, a gaban tagarta. Da bazara ya sayo, yana kore shar. Fernande, ƙanwarta, har da tafa hannu.

"Kai mijin yaya! Wa ke sayen mapul bai ga launinsa da kaka ba? Wani rawaya yake yi, wani ko oho."

Mai gandun dashe dai ya rantse zai yi ja kamar garwashi. Shi Lucien bai taɓa gane abin da ke kawo baƙi daga birni kallon ganye ba, rashin aikin yi ya ɗauke shi. Amma tunda Odile na so, shi ke nan. Ita ke zaɓa masa riga, ita ke tsinkar tumatir a lambu, ta ce hannunsa ba ya sanin nunanne.

Kafin kaka ta shigo ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi. Likita ya ce da wuya ta ga dusar ƙanƙarar bana.

Sai ya ja labulen tagar ya rufe. Ina zai iya nuna mata wannan abin kunya? Kullum takan ɗaga hannun da ya rage mata ta nuna tagar.

"Yi haƙuri, 'yar tsohuwa, bai nuna ba tukuna. So nake ki gan shi ya yi jajir."

Ya yi ban ruwa, ya daina. Ya canza taki. Ya zagi mai gandun, ya zagi kansa. Motoci kuwa sai rage gudu suke a ƙofar gidan ana nuna bishiyar da yatsa, abin ya ƙara ƙona masa rai. Wato har baƙi sun ga wautarsa!

Ranar da iska ta kakkaɓe ganyen, Odile ba ta ɗaga hannu ba. Washegari ta cika.

Bayan jana'iza Fernande ta same shi tsaye cikin ganyen da ya zube, yana kuka kamar yaro.

"Na kasa, Fernande. Abu ɗaya ta roƙa. Bai yi ja ba, shi ya sa ban buɗe mata labulen ba."

Ta sunkuya ta ɗauki ganye guda. Ta dube shi, ta dubi rufaffiyar tagar.

"Wayyo Lucien! Ashe yaya ba ta taɓa gaya maka ba? Wannan ai ya fi jini ja. Idonka ne bai san ja ba tun ran da aka haife ka."