Ranar da Jaki Ya Wuce Tirelar Roka

Kai da ka shigo mini zaure kana duban agogo, wai in taƙaita, ni da mutane ke barin tuwo ya huce don su ji bakina, to gyara zama. Yau sai ka sha misali har ƙarshensa.

An yi wani direban tirela da duk tashoshin manyan motoci suka san shi da gudu. Tafiyar da wasu ke yi a kwana uku shi yini da rabi take ɗaukarsa, kuma ba ya bari kowa ya manta, don sunan nan shi ne gonarsa, shi ne rawaninsa. Ana nan sai wani kamfani mai zaman kansa, irin masu ƙera roka suna harba tauraron ɗan'adam sama, ya nemi wanda zai ɗauko masa gangar jikin rokar daga masana'antarsa ta bakin teku zuwa filin harbawa, can cikin fako. Aka tambayi gwanin direbobi, aka nuna shi, ko in faɗi gaskiya, shi ya nuna kansa. Kayan kuwa tanki ne zungurere, tsawonsa gaba ashirin, amma a wajen lallaɓawa ƙwai ma ya fi shi haƙuri. Injiniyar da ke kula da shi ta manna masa wata 'yar kwalba fara tas, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Ta ce duk ranar da kayan suka ji girgizar da ta wuce ƙima kwalbar za ta yi ja, in kuwa ta yi ja babu roƙo babu rantsuwa, sai an mayar da tankin masana'anta an sake duba shi ciki da waje. Sannan ta yanke wa direban kilomita goma a awa, ta sa motar rakiya gaba da baya. Ga masu gwafa suna ɗaga wayoyin lantarki, ga masu shimfiɗa katako a kan kowane tudun rage gudu kafin taya ta taka shi. Rana ta farko tsaki kawai direban ya yi. Rana ta biyu ya daina amsa gaisuwa. Masu keke suna wuce shi suna waiwaye. Wata mai tallar gyaɗa ta miƙa masa ƙulli ta taga tana tafe a ƙasa, ta tsaya ta gyara ɗankwali, ta sake cim masa ta tambaya ko a ƙaro. Abokan sana'arsa, waɗanda ya saba bari cikin hayaƙi, suka wuce shi, suka je suka sauke kaya, suka dawo suka iske shi bai bar ƙaramar hukumar ba, suna danna masa hon suna tambayar ko tirelar ce ke da juna biyu. Ya cika ya batse, sitiyarin ma da yana da baki da ya kai ƙara.

A kwana na takwas, da hantsi, hasumiyar filin harbawa ta bayyana daga nesa, saura tafiyar da ba ta kai ta yini ba. Aka tsayar da shi a bakin wani ƙauye ana jiran masu katako, saboda wani tudu da mutanen ƙauyen suka gina a kan kwalta bara, bayan shi wannan direban da kansa ya take musu awaki uku bai ko taɓa birki ba. Yana zaune yana huci sai ga wani tsoho mai tukwane ya koro jakinsa zai ci kasuwar gaba, tukwanen jere cikin ciyawa, jakin na taku kamar mai tsoron tada ƙasa daga barci. Tsohon ya ratsa ta gefen tirelar, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da hutawa, direba." Direba ya haɗiye masu keke, ya haɗiye mai gyaɗa, amma jaki ya tsaya masa a maƙogwaro. Bai jira katako ba, ya jefa giya ya taka totur. Tayoyi suka hau tudu suka dira, tankin ya yi wani ɗan gurnani a baya, direba ya wuce jakin, zuciyarsa ta yi sanyi na tsawon numfashi biyu. Injiniya ta fito daga motar rakiya, ba ta yi faɗa ba, yatsa kawai ta nuna, kwalba ta yi jawur kamar gauta. Da korarsa aka yi da ya gode, amma ta ce wanda ya kawo tankin, shi zai mayar, a kilomita goman nan, ta cikin kowane garin da ya yi masa dariya. Juya tirela mai irin wannan tsawo kaɗai ya cinye musu har la'asar. Ya daidaita hanci ke nan ya fuskanci teku, an sake tsayar da shi a bakin tudun ana jiran katako, sai ga tsohon ya dawo daga kasuwa, ya sayar da tukwanensa ko ɗaya bai tsage ba, yana bisa jakin ƙafafu na lilo. Ya sake ratsawa ta gefen tirelar, ya dube shi da tausayi ya ce, "Direba, mantuwa aka yi?" Tun daga ranar, in an tambaye shi a tasha ba a kiran sunansa, sai a ce wanda jaki ya wuce sau biyu.

Yanzu sake duba agogon naka. Hausawa dai sun gama magana da suka ce sauri ya haifi nawa.