Ƙwallon da Mikail Ya Ci

Ƙwallon ta bugi ƙafar Mikail, ta wuce mai tsaron ragarsu. Ya ci gida, a wasan da ya jefa kulob ɗinsu rukunin ƙasa.

Koci bai yi faɗa ba. "Ajiye rigar a nan. Ba za mu sabunta kwantiraginka ba."

Mikail ya ajiye. Duk shekarun da ya yi yana tsaron baya, yana tare ƙwallo da kai da ƙirji, sun ƙare ke nan. Bai ji komai a ransa ba. Har adaidaita sahu ta sauke shi a Ƙofar Mazugal, titi kawai yake kallo.

Yana shiga zaure ya ji guɗa. Mata cike da tsakar gida, ana rabon waina sadaka.

Mahaifiyarsa ta taro shi da hawaye.

"A rediyo na ji an ce kai ka ci! Tun da ka fara wasan nan nake roƙon Allah ya ba ka ƙwallo ko ɗaya ce. Kullum 'ya'yan wasu ake ambata, nawa shiru. Yau dai addu'ata ta karɓu."



"Ta karɓu, Umma," ya ce.