Danchu da Teburin Marigayi

Wata uku Bok-hui ta yi tana ajiye nama a kan gajeren tebur, tana hararar Danchu, karen surukarta. Ya miƙo hanci, ta buga ƙasa da tafin hannu. Ya janye, ta jefa masa busasshen kifi. Mijinta Tae-sik kan leƙo daga bayan jarida ya ce, "Maman Jun, ki ƙyale dabbar nan ta huta mana."

Ba ta ƙyale ba, don abin ya daɗe yana cinta.

Duk shekara, ranar da surukinta ya rasu, akan shirya masa teburin abinci a babban ɗaki. Bok-hui ce matar babban ɗa, ita ke wuni a tsaye tana soya kifi, tana haɗa miya, tana jera kwanuka. Faccalarta Da-eun kuwa, matar ƙanen miji, sai yamma take isowa daga Seoul, farce a goge, riƙe da ɗan kwanon dunƙulen nama da ta soya da man riɗi.

Bayan an rusuna wa hoton marigayi, sai kowa ya fita tsakar gida. Tae-sik ne ke tsayawa ya soka cokali a shinkafa, ya fito a ƙarshe, ya ja ƙofa, don bisa al'ada a ba ruhin tsohon wuri ya ci. Idan ya yi gyaran murya sau uku ya buɗe, sai a tarar kwanon Da-eun ya yi giɓi. Kifin Bok-hui ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

Ƙofar baya ba ta rufuwa sosai, don haka laifin ya zauna a kan Danchu. Da ma a nan ya tsaya, da sauƙi. Amma surukar tasu sai ta shafa kan karen ta ce, "Karen babanku ne, ya san abin da maigidansa ke so." Da-eun ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Mama, kifin Yaya ma ai ba laifi."

Ba laifi! Shekara shida Bok-hui tana haɗiye kalmar nan. Kishi ne, ta sani, kuma ba ta jin kunyarsa. Ba ta neman a yabe ta, burinta kawai a daina yabon waccan da bakin kare.

Bana ta shirya. Ta sa an gyara ƙofar baya. Da aka fito tsakar gida, ta naɗe igiyar Danchu a wuyan hannunta sau biyu, ta danne shi da gwiwa. Tae-sik ya fito bayan ɗan jim, ya ja ƙofa, ya tsaya ya ba su baya kamar kullum.

Gyaran murya uku. Aka buɗe.

Dunƙule uku babu a kwanon Da-eun.

Tsohuwa ta dafe ƙirji, idonta ya cika da hawaye. "Ashe da kansa yake zuwa ya ci," in ji ta. Da-eun ta rufe baki da hannu, amma ana ganin murmushin ta tsakanin yatsu.

Bok-hui ta dubi kifinta da ba a taɓa ba. Kare ta iya horar da shi, amma yaya za ta yi da mamaci? Tae-sik ya matso, ya ce a hankali, "Kar ki sa a ranki. Ki ajiye min kifina sai gobe, yau ba na jin yunwa." Haka yake cewa duk shekara. Ya juya ya shige ɗakin.

Ta saki igiyar, don riƙon ba shi da sauran amfani. Danchu ya shiga ɗakin, ya wuce teburin ko kallo bai yi masa ba. Horo ya kama shi, babu shakka.

Kai tsaye ya nufi Tae-sik, ya zauna a gabansa yana kaɗa jela, ya shiga lashe man riɗin da ke ƙyalli a yatsunsa uku na dama, ɗaya bayan ɗaya.