Barcin Baba Direba Ya Shiga Waya

Duk ma'aikatan makarantar ba wanda ke riga Baba Direba tashi. Tun gari bai gama wayewa ba yake kunna bas, ya bi unguwa-unguwa yana kwasar yara, kuma ya san kowanne da irin rigimarsa. Akwai wadda ba ta shiru sai an ba ta kujerar taga, akwai wanda kullum sai ya manta takalmi ƙafa ɗaya. In ya sauke su, sai ya ja motar ƙarƙashin bishiya, ya kashe inji, ya tada kai da ɗan filonsa ya rama barci kafin a tashi. Ba wanda ya taɓa ganin laifinsa.

Akwai kuma malamin wasanni, wanda ake kira Ɗan Raha. Mutum ne da in ya shigo ofishin malamai sai kowa ya ajiye biro ya riƙe ciki. Wata rana ya leƙa ta tagar motar ya ɗauki Baba hoto: baki a buɗe, hula ta zamo kan hanci, hannu ɗaya a kan sitiyari. Kafin a tashi ya mayar da hoton sitika, ya jefa a gurup ɗin ma'aikata.

Ranar an yi dariya har da hawaye. Daga nan sitikar ta zama ta kowa. In aka sanar da taro, ita ake turawa. In wani ya yi dogon rubutu, ita ce amsa. Mai gadi ma, da ko gaisuwa ba ya iya rubutawa a waya, ya koyi tura ta. Baba na shigowa harabar makaranta, sai wani ya wangale baki ya fara minshari.

Baba ya yi ta yaƙe, har dai ya ja Ɗan Raha gefe ya gaya masa cikin lalama cewa abin yana yi masa ciwo, shi mai surukai ne da jikoki. Ɗan Raha ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Baba, wasa ne fa. Ai don muna son ka ne."

Da Baba ya kai kukansa wurin shugabar makaranta, ita ma sai da ta danne dariya kafin ta ce ya yi haƙuri, za su gaji su bari.

Ba su gaji ba. Wata malama ta tura wa ƙanwarta, ƙanwar ta tura wa ƙawarta, ita kuwa ƙawar a motar Baba 'ya'yanta ke zuwa makaranta. Ba ta ga abin dariya ba. Abin da ta gani shi ne direban 'ya'yanta yana sharar barci, hannu a kan sitiyari. Hoton bai nuna bishiya ba, bai nuna inji a kashe yake ba.

Washegari iyaye suka cika ofis, suka ce ko a canza direba ko su kwashe yaransu. Shugabar ta yi bayani har muryarta ta dushe, ba wanda ya saurare ta. Mai makarantar ya duba yawan iyayen, ya sallami Baba. Baba ya ajiye makulli a kan tebur, ya ɗauko filonsa daga motar, ya tafi.

Sabon direban bai san mai son taga ba, don haka da kuka ake isowa kowace safiya. Raha ta ƙare a ofishin malamai. Shugabar ta tara ma'aikata ta ce laifin farko nata ne. Ta kafa doka: ba ɗaukar kowa hoto sai da yardarsa, duk wanda ya ce ba ya son wasa an bar shi ke nan, kuma ƙorafi a ranar da aka kawo shi za a duba shi.

Ɗan Raha ya bi Baba har gida. Ya same shi yana gyara wa jikansa keke, tun da yanzu lokaci ya yi masa yawa. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya rantse ya sa kowa ya goge hoton.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Sai dai duk makarantar da na je neman aiki, sai na tarar fuskata ta riga ni zuwa."

Bai rufe baki ba wayar Ɗan Raha ta yi ƙara. Gwaggonsa ce ta turo saƙo a gurup ɗin danginsu, ta ce su zo su ga abin dariya. Baba ne, baki a buɗe, hula a kan hanci. Ɗan Raha ya kifa wayar a cinyarsa, ya kasa ɗaga kai.

Jama'a, wasan da mutum ɗaya ke jin zafinsa cin zarafi ne, komai yawan masu dariya. In abokin aiki ya ce ba ya so, a tsaya nan take, shugaban da aka kawo wa kuka kuma ya tsawatar tun abin bai fi ƙarfinsa ba.