A Mayar da Ni Wurin Stamatis

Sun sake tsayawa ɗaukar hoto a gaban wani rusasshen gini, kuma ran Evantiya in ya yi dubu ya ɓaci.

Abu ɗaya tak ta roƙi ɗanta Lefteris tun bakinta na da ƙarfin magana: ya mayar da ita tsibirinsu na Amorgos, wurin mijinta Stamatis. Shekara uku ta yi a birnin Atina cikin wani ƙuntataccen wurin haya, ba taga ba iska, maƙwabta dama da hagu babu wanda ta sani. Da wa'adi ya cika, masu wurin suka ce a zo a ɗauke ta, akwai mai jira. Ta ɗauka daga nan sai gida. Ashe surukarta Vaso ta riga ta gama tsari: tunda dai jirgin ruwa za a hau, ai sai a haɗa da hutu.

Wai hutu! Tsoho na can shi kaɗai a kan tudu, su kuwa suna yawon kallon duwatsu.

A tsibirin Naksos sai da suka hau tsauni don ganin wata tsohuwar ƙofar marmara wadda ko bango ba ta da shi. Lefteris ne ya ɗauke ta, rungume a ƙirji, da yake ita da tafiya an yi sallama tuni. Bai ko yi haki ba, don yanzu ba wani nauyi gare ta ba. Jikarta Mirto ta matso tana dariya.

"Kaka, ga teku nan. Kin yi kewarsa ko?"

Evantiya ta ce a ranta, ja'ira, a bakin tekun nan aka yanke mini cibi, ke za ki nuna mini shi? Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne warin giyar inabi da ke bin ta tun ranar da aka ɗauko ta, ita da ko a biki ba ta kurɓa.

A Dilos abin ya fi muni. Rana kamar ta fasa kai, zakunan dutse sun yi sahu sun wage baki. Mai yi wa baƙi bayani ta ce mutanen dā sun haramta haihuwa da mutuwa a tsibirin, har kaburburan da ke ciki sai da suka tone suka kwashe. Vaso ta zunguri mijinta.

"Ka ji ko? Sai da na ce mu bar ta a masauki."

"Rufe mana baki, don Allah," in ji Lefteris. "Ki yi a hankali. Mutane na ji."

Evantiya ma tana ji. Ba ta manta ba, ita ta koya wa wannan yarinya naɗa ganyen inabi da shinkafa lokacin ko ƙwai ba ta iya soyawa. Yau ga shi ita Evantiya ta zama kayan da ake bari a ɗaki.

Da suka koma Naksos suka zauna cin gasasshen kifi a bakin tashar jirgi. Aka ajiye ta a kujerar ƙarshe. Suka ci, suka sha, suka yi gardamar hoton da ya fi kyau, suka tashi suka yi tafiyarsu. Suka manta da ita! Tana nan zaune, kyanwa na shinshinar ƙafar kujera, mai kawo abinci ya ja da baya yana kallonta kamar ya ga maciji. Sai can ga Lefteris a guje, gumi sharkaf.

"Mama, yafe mini. Yafe mini, Mama."

Ba ta yafe ba.

Washegari iskar arewa ta taso, irin wadda ke hana jirage fita. Hutun Lefteris ya zo ƙarshe, aiki na jiransa. Vaso ta fara haɗa kaya tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mu koma kawai. Ai a Atina ma akwai inda ake tara irinsu, waɗanda ba a zo ɗauka ba. Ita me ta sani? Duk ɗaya ne a wurinta."

Evantiya ta san wurin sarai. Wanda ya shiga can sunansa ma ɓacewa yake yi. Da tana da hannun ɗagawa, da Vaso ta sha marin da ba za ta manta ba. Amma a karon farko cikin tafiyar nan, fushinta ya fito ta bakin wani.

"Irinsu?" Lefteris ya buga tebur har kofi ya faɗi. "Uwata ce! Ku koma ke da hotunanki. Ko a kwale-kwalen masunta ne sai na kai ta."

Ƙaramin jirgi ɗaya ne ya yarda ya fita. Teku ya yi ta wurgi da su, Vaso da ta biyo su don kunya ta yi amai har ta gode Allah, wannan kam ya yi wa Evantiya daɗi. Lefteris bai sake ta ba ko sau ɗaya.

A Amorgos suka bi hanyar jakuna zuwa kan tudu. Ƙamshin ganyen daji, kukan awaki, ƙararrawar coci, komai na nan yadda ta bar shi. Limamin cocin ya buɗe musu wani ɗan farin ɗaki a baya. Stamatis na ciki, bai ko motsa ba, shi dama can ba mai tarbar mutum ba ne. Ta so ta balbale shi da faɗa shi ma, sai ta nemi fushin ta rasa.

"Baba, ga ta na kawo maka," in ji Lefteris.

Ya sumbaci murfin ƙaramin akwatin ƙarfen da ya rungumo, sannan ya ɗora shi a kan kantar da ke jikin bango, ƙasusuwan uwarsa da aka tono daga kabarin haya na Atina aka wanke da giyar inabi, dab da akwatin ƙasusuwan ubansa.